Kuɗin Kwandasta, Hirar Nas

Direbobin wani kamfanin sufuri sun yi mako guda suna yajin aiki. Mota ko ɗaya ba ta bar tasha ba, tikiti ko ɗaya ba a yanka ba. Duk da haka, da wata ya ƙare, takardar kuɗin na'urar da ke sayar wa kamfanin tikiti ta waya ta zo ta fi ta watan baya. Mai kamfanin, wanda ake kira Mai Motoci, bai yi nisa a boko ba, amma ya san motar da ke ajiye ba ta shan mai. Ya ninke takardar, ya sa a aljihu, ya wuce ofishin 'yan sanda.

"Yallaɓai, yankan aljihu ake mini da kwamfuta," in ji shi, tun kafin ya zauna.

Sufeton sashen zamba ya nuna masa kujera, ya jawo biro. Mutum ne mai furfura a gefen kunne, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma gaggawar yarda da kowa.

Mai Motoci ya yi bayani. Wani ƙaramin kamfani ne ya haɗa masa na'urar, irin ta ƙirƙirarriyar basira. Ana kiranta Kwandasta. Kwandasta ke ɗaukar waya, ya faɗi lokacin tashin mota, ya yanka tikiti. Yarjejeniyarsu ita ce shi Mai Motoci zai biya duk abin da na'urar ta ci, kamfanin kuma ya karɓi ladansa a kan kowane tikiti. Cikin wata huɗu, kuɗin cin ya ninka har sau biyar, fasinjoji kuwa suna nan yadda suke.

"Abin da ya fi ƙona mini rai," ya ce, yana buga takardar da yatsa, "kowane wata sai su cire mini wani ɗan rangwame a ƙasa, wanda ban roƙa ba. A kwashe mini buhu, a miƙo mini alewa."

Kafin Sufeto ya isa kamfanin da ya haɗa na'urar, Daraktansa ya riga ya leƙa cikin kwamfuta, ya ga an taɓa tsarin biyan kuɗin daga teburin Injiniyansu, da sunan Injiniyan. Bai tsaya karanta me aka taɓa ba, ya miƙa shi ga 'yan sanda. La'asar ba ta yi ba Injiniya yana bayan kanta. Babban jami'in ofishin 'yan sanda ya ce jibi a kai shi kotu. Wato ko Sufeto ya sa hannu a takardar tuhumar yaron, ko ya kawo wanda ya yi.

Washegari Sufeto ya je kamfanin. Yana hawa na biyu, a saman wani shagon tayoyi. Ɗaki ne dogo, tebura shida, fanka biyu, warin roba na shigowa ta taga. A bango akwai babban allon kwamfuta mai layi uku: abin da kowace na'ura ta ci, abin da ta kawo, da abin da ya rage.

Darakta matashi ne mai saurin magana. Ya riƙa goge zufa da hankici duk da fanka na kansa.

"Biyu ne manyan ma'aikatanmu, Yallaɓai. Kwandasta na tasha, sai Nas. Nas tana aiki da kantunan magani, tana tuna wa tsofaffi lokacin shan ƙwaya, su ma suna iya kiranta."

"Wa kuke biya kuɗin da suke ci?"

"Wani babban kamfani a waje. Hayar ƙwaƙwalwar muke yi a wurinsu. Su kalmomi suke ƙirgawa, amma nan Anti ta sauƙaƙa mana, ta mayar da shi minti. Da shi muke auna riba da asara."

"Wace ce Anti?"

"Akantarmu. Da ba don ita ba da mun rufe. Nas a da asara take yi, tsofaffi su kira su yi ta hira, wani ma gaisuwa kawai ta kawo shi. Anti ta ce a yanke kowane kira a minti huɗu. Wata guda Nas ta koma riba. Yaran nan Almakashi suke ce mata a bayan idonta."

"Ƙarin kuɗin da aka ɗora wa Alhaji Mai Motoci, nawa ya shiga asusunku?"

"Ko sisi. Duk waje ya tafi. Mu ladanmu na tikiti ne. Kuma fiye da rabin abincinmu daga Alhaji yake. In ya tafi, gobe sai dai in sauka ƙasa in koyi faci."

"Rangwamen fa?"

Darakta ya tsaya da goge zufa. "Wane rangwame?"

Sufeto ya nuna masa. Darakta ya karanta sau biyu, ya amsa cewa sa hannu yake yi ba tare da dubawa har ƙasa ba. Ya buɗe asusun banki a wayarsa, ya daɗe yana ja da yatsa. Asusun bai rasa komai ba. Kowane wata, wani yana zuwa banki ya zuba tsabar kuɗi daidai da rangwamen, ba ƙari ba ragi.

Sufeto ya cire Darakta daga lissafinsa. Mutum ba ya cutar wanda ke ciyar da shi don ya azurta wani kamfani a waje. Amma abin ya tsaya masa. Ya yi shekaru yana bin ɓarayin biro, bai taɓa ganin satar da ɓarawon bai ci komai ba, balle wanda ke mayar da canji.

Teburin Akanta yana kusurwa, nesa da taga. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, da gilashi, da mayafi ruwan toka. Komai na teburin a jere yake. Wayarta tana kife kusa da hannunta.

"Kin ga kuɗin Kwandasta yana hawa?"

"Na gani, Yallaɓai."

"Kin faɗa wa wani?"

"Na ɗauka fasinjoji ne suka ƙaru."

"A makon yajin aiki?"

"Mutane na kira su ji yaushe za a koma."

Amsa ce mai kyau. Sufeto ya rubuta ta.

"Nawa ne kuɗin minti ɗaya?"

Ta faɗa ba tare da ta duba takarda ba.

"Kullum haka yake? Ba ya hawa, ba ya sauka?"

"Minti minti ne. Na farko da na ƙarshe duk ɗaya."

"To raba mini ƙarin nan na watan jiya da kuɗin minti. Minti nawa aka saya?"

Ta danna na'urar lissafi. Ta kalli amsar, ta share, ta sake dannawa. Mintocin sun fi waɗanda ke cikin wata guda, dare da rana, har ninki biyu.

"Ba zai yiwu ba," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. Sannan ta dube shi. "In kun gano dalilin da yake hawa, za ku faɗa mini?"

Sai da Sufeto ya sauko ƙasa, ya wuce tarin tayoyin, ya lura da abin da ta tambaya. Kowa a ofishin yana tambayar wa ya yi. Ita kaɗai ta tambayi dalilin hawan.

A ƙofar ofishin 'yan sanda, a gindin bishiya, wata dattijuwa na zaune a kan dutse da kwanon abinci a ɗaure cikin ƙyalle. Mahaifiyar Injiniya ce. Ta miƙe da ta ga Sufeto, ta rusuna. Ya amsa gaisuwar da ba ta yi ba, ya shige.

Injiniya siriri ne, bai kai talatin ba. An karɓe masa bel da igiyar takalmi, yana riƙe da wando da hannu ɗaya.

"Ban yi ba, Yallaɓai."

"Kowa haka yake cewa. Wa ya san lambar sirrinka?"

"Ba kowa. Amma in zan fita cin abinci ko salla, a buɗe nake barin kwamfutar. Anti ma ta sha yi mini faɗa a kai."

Sufeto ya miƙa masa takardar da aka buga daga kwamfutar, wadda ke nuna abin da aka canza. Injiniya ya karanta a tsaye, a hasken ƙofa. Ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"In ni na yi wannan, ku ɗaure ni don jahilci, ba don sata ba."

"Yi mini bayani kamar kana yi wa mahaifiyarka."

"Abu uku aka yi, duk a kan lambar waya ɗaya. Lambar Nas take kira, ba Kwandasta ba. An cire mata yankan minti huɗu. An mayar da kuɗinta kan Kwandasta, don shi ba a yanke masa, ba kuma mai duba shi tunda riba yake yi. Na uku, an kunna wa Nas tunawa."

"Tunawa?"

"Nas ba ta riƙe hira. In ka kashe waya, ta manta da kai, sai sunan maganinka. In aka kunna tunawa, tana ajiye duk abin da ka taɓa faɗa mata. To ga inda matsalar take. Duk sanda za ta amsa maka magana ɗaya, sai ta karanta duk abin da aka ajiye daga farko. Kowace amsa. Su kuma can waje kowace kalma da ta karanta kuɗi ce. Ranar farko shafi ɗaya take karantawa. Bayan wata huɗu littafi guda take karantawa kafin ta ce maka ina kwana."

"Wato minti na yau ya fi na jiya tsada."

"Kullum. Wanda ya san aikin, sai ya sa ta riƙa taƙaitawa, ta riƙe shafi ɗaya kacal. Layi biyu ne. Kuɗin ba zai kai na shayin ofis ba, Alhaji ba zai taɓa gani ba."

"Wa ya san inda ake kunna tunawar?"

"Duk ofis. Na nuna musu a taro, watanni da suka wuce. Amma ban yi maganar kuɗinta ba, don ba mu yi niyyar amfani da ita ba."

Sufeto ya karɓi takardarsa. A hanyar fita ya ce wa ɗan sandan kanta a shigo wa yaron da abincin uwarsa.

Da safe ya samo takardar izini daga kotu, ya ɗauko Injiniya ba ankwa, ya zaunar da shi a ofishin Darakta, ya rufe ƙofa. Kamfanin waya ya ce lambar ta wata mata ce, wadda ta rasu bara. Wani ne ke amfani da wayarta.

"Nuna mini lokutan kiran, ba abin da aka faɗa ba."

Injiniya ya fito da su a allo. Kiran yakan fara da safe, lokacin da ma'aikata ke fita daga gida. Yakan tsaya da yamma, lokacin da suke komawa. Asabar da Lahadi shiru, ranakun da tasha ta fi cika. A tsakiyar wata na uku akwai mako guda da ba a kira ba sam.

"Wa ya ɗauki hutu a wannan makon?" Sufeto ya tambayi Darakta.

Darakta ya yi tunani. "Anti ce. Ta ce babanta ya faɗi a banɗaki."

Injiniya ya juyo da sauri. Sufeto bai kalle shi ba.

"Tara mini mintocin lambar nan, wata-wata."

Ya tara. Sufeto ya ninka kowanne da kuɗin mintin da Akanta ta faɗa masa jiya, da biro, a bayan takardar kotu. Amsa huɗu ya samu. Ya ajiye su kusa da takardun Mai Motoci. Su ne rangwamen wata huɗu, har ƙwayar ƙarshe.

Ya aika aka kira Mai Motoci. Da ya iso, ya ce a shigo da Akanta. Ta shigo da wayarta a hannu, ta ga Injiniya, ta sunkuyar da kai. Ta zauna a bakin kujera.

"Jiya kin ce in na gano dalilin hawan in faɗa miki," in ji Sufeto. "Na gano."

Ya faɗa mata kamar yadda aka faɗa masa, shafi ɗaya da littafi guda. Tana saurare, leɓenta na motsi kaɗan, kamar mai bin lissafi.

"Darakta bai yi ba," ya ci gaba, "don bai samu komai ba, kuma yana gab da rasa babban mai cinikinsa. Injiniya bai yi ba, don ya san tunawa tana da tsada, ya kuma san yadda ake hana ta tsada. Wanda ya yi ya san inda ake kunnawa, bai san abin da take ci ba. Ya yarda cewa minti minti ne, saboda shi ya ƙirƙiro wannan ma'aunin, ofis guda yana aiki da shi. Ya ƙirga mintocinsa kowane wata, ya cire wa Alhaji kuɗinsu, ya je banki ya cike da aljihunsa. A tunaninsa aron layi ya yi, yana biyan haya. Bai san hayar da yake biya ba ta kai kashi ɗaya cikin ashirin ba. Kuma mai kiran yana kira ne kawai sanda wannan mutum ba ya gida."

Ana jin bugun guduma daga shagon tayoyi.

"Yanzu ma ana kan layi," in ji Injiniya, idonsa a kan allo.

"Buɗe," in ji Sufeto.

Muryar tsoho ce, mai tsabta, irin ta wanda ya saba yi wa jama'a bayani.

"Nas, kin ga Hajiya kuwa? Tun safe ta fita, ga takalminta nan ba ta sa ba."

"Ba ta nan, Baba," in ji muryar mace a natse. "Zauna tukuna, ƙafarka ba ta gama warkewa ba. Jiya ka fara ba ni labarin ranar da ka fara ganinta, ba ka ƙarasa ba. Ka tsaya inda ta hana ka ƙwai."

Tsohon ya yi dariya. "Au, na faɗa miki? Ta ce wai fuskata ba ta mai biyan bashi ba ce. Ni malamin gona guda, da kekena sabo..."

"Kashe." Akanta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Don Allah, Yallaɓai. Kada su ji shi haka."

Sufeto ya yi alama, Injiniya ya rufe sautin.

Ta cire gilashinta, ta riƙe shi a cinya. Ta yi maganar a jere, kamar mai karanta rahoton ƙarshen wata. Tun rasuwar mahaifiyarta mantuwa ta kama mahaifinta. Yakan tambayi matarsa sau da yawa a yini. In aka ce ta rasu, sai ya yi kuka kamar yanzu ya ji, bayan ɗan lokaci ya sake tambaya. In aka ce ta fita, sai ya fita nemanta. Sau biyu ana tsinto shi a bakin babban titi. Masu jinya biyu sun gudu, don yana zarginsu da ɓoye ta. Yayanta namiji yana wata ƙasa, gaisuwa yake aikowa. Wata rana ta dawo ta tarar da shi zaune lafiya yana hira da Nas, ana yanke shi yana sake kira.

"Amma duk kira sai ta tambaye shi wane ne. Shi yana mantawa, ita tana mantawa. Mai mantuwa ɗaya ya isa gida."

"Me ya hana ki neman izini?" in ji Darakta.

"Ni na sa yankan. Tsofaffi nawa na yanke wa magana a baki? Wata ta zo har nan tana roƙo, na nuna mata allon can. Sai in zo in ce a ɗaga wa ubana?"

"Da kika ga kuɗin na hawa fa?" in ji Sufeto.

"Na ɓoye wayar kwana ɗaya. Ranar ce ya faɗi."

Injiniya ya miƙe. "Kwana biyu, Anti. Kwana biyu ina bayan kanta. Mahaifiyata na zaune a kan dutse."

"Na sani. Na wuce ta jiya da safe, na kasa shiga. Na ce in samu wanda zai zauna da babana tukuna, kafin in miƙa kaina."

"Da kin tambaye ni! Layi biyu ne. Kafin shayinki ya huce na gama. Ba wanda zai taɓa sani, ni ma ba zan faɗa ba."

Ta dube shi. Nan ne kawai fuskarta ta canza.

"Layi biyu?"

"Layi biyu."

Ta mayar da gilashinta, amma ba ta daidaita shi ba.

Mai Motoci, wanda ya shigo da zafi, ya daɗe yana kallon takalminsa. "Ni kuɗina nake so, ba ran mutum ba," ya ce a ƙarshe. "In za a biya ni a hankali, a biya."

Amma kuɗin ya fi albashinta na shekara biyu, kuma ba shi kaɗai ba ne laifin. An yi amfani da sunan wani, an canza takardar kuɗi, an bar marar laifi a tsare. Darakta ya fita ya kira lauya, ya dawo da abin da lauya ya ce: a mayar da komai yadda yake nan take, abin da Nas ta ajiye a kwashe shi, a rufe, ya zama shaida a kotu.

"A bar mata shafi ɗaya," in ji Injiniya. "Ni zan biya."

"An ce kada a bar mata komai sai an gama shari'a," in ji Darakta.

Injiniya ya kalli Sufeto. Sufeto ya san lauyan ya faɗi daidai, ya kuma san tsawon lokacin da irin wannan shari'a take ɗauka. Ya ce, "Yi abin da aka ce."

Ya yi. Bai ɗauke shi lokaci ba. Sufeto ya sa hannu a takardar sakinsa a kan teburin Darakta, ya ce ya je ya ɗauki mahaifiyarsa.

Akanta ta roƙi abu ɗaya, a bi da ita ta gida kafin ofishin 'yan sanda. Doka ba ta tilasta wa Sufeto ba, ba ta kuma hana shi ba.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, a ƙarshen wani lungu. An sa wa ƙofar waje sakata ta sama, inda hannun tsoho ba ya kai wa da sauƙi. A ciki an liƙa takardu da manyan haruffa a kan ƙofofi: banɗaki, kicin, ɗakinka. Akanta ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciya, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Matar ta ce za ta iya zuwa dare, gobe kuwa tana da aiki.

Tsohon yana zaune a kujerar falo, da riga mai guga da hula, ƙafa ɗaya a kan matashi. Wayar tana hannunsa, ya buɗe sautin.

"Uwata, kin dawo da wuri," ya ce wa 'yarsa. Ya ga Sufeto a bakin ƙofa. "Baƙo muka yi? A kawo masa ruwa."

"Abokin aiki ne, Baba. Zan ɗan yi tafiya da shi."

"To, to. Layin nan ne ke ta yankewa yau." Ya danna, ya jira.

"Barka da rana," in ji muryar. "Nas ce. Da wa nake magana?"

Ya kalli wayar, ya kalli 'yarsa. "Ni ne mana. Malamin gona."

"Sannu, Malam. Me zan taimaka maka da shi game da maganinka?"

Ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya rage murya don kada ta ji. "Uwata, yarinyar nan ba ta da lafiya. Sau uku ke nan tana tambayata sunana."

Akanta ta durƙusa, ta gyara masa matashin ƙafa.

"Kada ki yi mata faɗa," ya ce. "Yana samun mutum. Haƙuri ake yi da su." Ya buɗe hannunsa, ya matso da wayar kusa da baki, ya yi magana a hankali, kalma-kalma. "Ba komai, 'yata. Bari in fara miki daga farko. Akwai wata mai sayar da ƙwai a bakin kasuwa..."

Akanta ta ɗauki jakarta, ta ba maƙwabciya makulli, ta nuna mata kwalaben magani. Sufeto ya matsa ya ba ta hanya. Suna tsakar gida labarin tsohon ya kai inda yake jingine keke. Suna bakin ƙofa muryar ta ce lokacin kira ya cika, ta yi masa fatan sauƙi.

Akanta ta tsaya, hannunta a kan sakata. Sufeto bai ce ta yi sauri ba. Daga falo suka ji ana danna lamba, ɗaya bayan ɗaya.